A Gidan Alhaji Ladan Ba a Shan Ƙwayar Asibiti

Ranar da aka sallamo Najmuddeen daga asibiti, tun bai gama jawo ƙafarsa ta hagu cikin zaure ba mahaifinsa ya miƙa hannu ya nemi ledar magungunan. Babu faɗa, babu tsawa. Cewa kawai ya yi a kawo ya adana, kada yara su yi wasa da su. Bara'atu, matar Najmuddeen, ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu, don wa ya isa ya ce wa Alhaji Ladan Wanzami a'a a cikin zaurensa? Leda ta shige zabira, tsakanin asake da ƙahonni, aka ɗaure bakinta. Najimu, yadda kowa ke kiransa a unguwa, yana tsaye dafe da bango yana kallo.

Tela ne a kasuwar Azare, shekarunsa talatin da biyar. Gab da Ƙaramar Sallah ta shekarar 2006 ya kife a kan keken ɗinkinsa, bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa na hagu suka saki. Allah ya taimake shi a ranar Alhaji Ladan yana Disina wajen yi wa yara kaciya, shi ya sa abokan sana'arsa suka yi asibiti da shi kai tsaye. Da tsohon yana gari, wallahi ko ƙofar asibitin ba zai gani ba.

Likitan da ya duba shi bai ɓoye masa komai ba. Ya ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwarsa. Ya ce ya daɗe da hawan jini bai sani ba, ga sigari da yake zuƙa tun yana saurayi, ga suga ya fara hawa, ga kitse a jini, ga zaman keke daga safe har dare, ga shi kuma baffansa da irin wannan ciwon ya rasu tun bai yi furfura ba. Ya hana shi taba da gishiri da kanwa da maiƙo. Ya ce duk ranar da ya ji wani sashe na jikinsa ya mutu, ko harshensa ya yi nauyi, to ko abin ya wuce nan da nan, ya garzayo a ranar. Sannan ya riƙe kafaɗarsa ya ce, "Wanda ya yi na farko ya fi kowa kusa da na biyu, kuma na biyun ya fi muni. Ko ka ji garau, kada ka tsallake ƙwayoyin nan ko na yini guda."

Wannan maganar ce ta zauna wa Najimu a ƙirji. Da ita yake tashi, da ita yake yini.

To amma gidan da ya dawo ba gidan kowa ba ne. Daga Shira har Gamawa, in aka ce mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki, sunan da ake fara ambata shi ne Alhaji Ladan. A amalanke ake kawo masa marasa lafiya, a kan babur, wani lokaci a goye. Ya gaji ƙaho da jiƙo daga ubansa, uban ya gada daga nasa uban. Yanzu kuma a ce ɗan cikinsa ya faɗi, sai asibiti ne ya tashe shi? Tsohon bai taɓa furta wannan a fili ba, sam. Abin da ya faɗa wa iyalinsa shi ne likitoci yara ne, karatu suka yi, ba su san jini ba. Ya ce babu wani hawan jini, mataccen jini ne ya taru wa yaron a ƙeya, sanyi kuma ya buge shi a kai, kuma a gidan nan ba a taɓa shan ƙwayar asibiti ba, ba kuwa za a fara a kansa ba.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Alhaji Ladan ya aske wa Najimu ƙeya, ya kafa ƙaho ya zuƙa, ya cire ya tsattsaga wurin da aska, ya mayar. Da ya ɗaga ƙahon, maimakon jini ya fito a dunƙule yadda aka saba, sai ya yi ta tsiyaya yana bin wuya, ya ƙi tsayawa. Ƙaramar ƙwayar nan ce ta asfirin da aka yi ta ba shi a asibiti don kada jinin ya sake daskarewa, aikinta ke nan. Amma sai tsohon ya ɗaga murya ya kira mutan gidan su zo su ga abin da asibiti ya yi wa ɗansa, an mayar masa da jini ruwa. Ya Gana, mahaifiyar Najimu, ta leƙa ta ga ƙeyar ɗanta jina-jina, ta dafe ƙirji tana salati. Daga ranar ta koma bayan mijinta, kuma da zuciya ɗaya ta koma.

Kai, ƙauna ma tana iya yin ɓarna! Ya Gana ta ɗanɗana miyar da Bara'atu ta dafa wa mijinta daban, lami babu gishiri, ta tofar ta ce wannan ai abincin marar gata ne, ɗanta kuwa yana da uwa a raye. Ta karɓe girkinsa. Yau romon kai, gobe tuwo da miyar kuka ta sha man shanu har yana kwanciya a sama, jibi farfesun kayan ciki. Tana tsaye a kansa sai ya cinye, tana cewa dubi yadda ya zabge, da me jijiya za ta tashi in ba da maiƙo ba? Safe da yamma kuma ga jiƙon Alhaji a ƙoƙo, sassaƙe da jar kanwa da gishirin manda, ɗaci da zartsi har cikin kunne. Najimu yakan ɗauki ƙoƙon. Ya san abin da ke ciki, ya san abin da likita ya ce a kansa, amma uba yana zaune yana kallon maƙogwaronsa, dole ya haɗiye.

Shi kuwa Abdulsamad, yayansa, wanda ke riƙe wa Alhaji zabira yana jiran ranar da za ta zama tasa, nasa alherin daban ne. Da ya ga Najimu na riƙe kai, sai ya ja shi bayan rumbu ya kunna masa sigari, ya ce ciwon kan nan na rashin taba ne, wanda ya saba ba ya yankewa rana ɗaya, kara guda ba ya kashe kowa. Najimu ya ƙi, ya sake ƙi, ran nan ya karɓa. Yana zuƙa yana hawaye, don ya san da hannunsa yake jawo abin da yake tsoro, kuma ya kasa yarwa.

Duk da haka hannun hagun ya fara dawowa. Likita dama ya ce zai dawo a hankali in yana motsa shi, kuma Bara'atu kullum tana miƙe masa yatsu tana lanƙwasawa, tana ba shi lemon tsami ya matsa a tafinsa. Da Alhaji Ladan ya ga ɗansa ya ɗaga buta da hannun hagu, fuskarsa ta washe, ya ce to alhamdulillahi, aikin ƙaho ya fito. Daga nan ya yanke cewa duk ranar kasuwa, lokacin da zaure ke cika da mutanen ƙauye, Najimu zai riƙa fitowa ya zauna kusa da shi.

Zama aka ce, amma ba zama ba ne. In an kawo marar lafiya, 'yan uwansa suka fara jan ƙafa suna cewa ko asibiti za su gwada, sai Alhaji ya ce, Najimu tashi. Ya tashi. Taka zuwa ƙofa ka dawo. Ya taka. Ɗaga hannun. Kama hannun baƙon nan ka matse ya ji. Sai tsohon ya ba da labarin yadda asibiti suka sallamo yaron a sheme sun fid da rai, shi kuma ya tashe shi da ƙaho da jiƙo. Mutane su yi ta kabbara suna shafa hannun Najimu kamar yadda ake taɓa rago kafin a taya. Magidanci ne fa, mai mata da 'ya, mai shago a kasuwa. Kansa a sunkuye yake yin komai, in an tambaye shi ko gaskiya ne, ya ce gaskiya ne.

Ana haka ƙeyarsa ta fara sara. Kunnuwansa suka riƙa ƙugi, in ya yi sujada sai ya ji kamar kan zai fashe, in ya miƙe ya ga duhu-duhu. Tsoro ya hana shi sakewa. Ya riƙa latsa kumatunsa yana duba ko suna ji, yana ƙirga yatsunsa da babban yatsa, yana kiran sunan 'yarsa Zulaiha a hankali don ya ji ko harshen na nan. In ya ga Bara'atu ta zuba masa ido, sai ya ce me ta gani, bakin ya karkace ne? Ta ce a'a. Bai cika yarda da ita ba.

Wata safiya yana shan koko, kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama, hannun da bai taɓa ciwo ba. Ya buɗe baki zai kira matarsa, sunan ya ɓace masa ɗungurungum. Yana ganinta, ya san ta, amma kalmar ta ƙi zuwa. Kafin ta gama share kokon da ya zube abin ya sake shi, hannun ya dawo, sunan ya dawo. Gumi ya jiƙa masa riga. Wannan shi ne ainihin abin da likita ya ce in ya gani kada ya jira gobe.

Ya lallaɓa ya sami mahaifinsa a zaure yana wasa aska, ya zube a gabansa.

"Baba, don girman Allah ka ba ni ƙwayoyin nan, ko ka bar ni in je asibiti yau. Hannuna na dama ya mutu ɗazu. Tsoro nake ji, Baba."

Alhaji Ladan bai daina wasa askarsa ba. Ya ce masa wannan ai albishir ne, mataccen jinin ne ya tashi daga hagu yana neman hanyar fita, gobe za a kafa ƙaho a dama a cire shi. Najimu ya ce likita ya ce alama ce ta na biyu. Sai tsohon ya ajiye askar, ya dube shi.

"Ni na haife ka ko likita? Ka fita ta ƙofar nan ka je ka bi layi a asibiti, duk Azare ta gan ka, sannan ka dawo ka gaya mini da wace fuska zan zauna a zauren da ubana ya bar mini. In so kake ka tozarta ni da tsufana, ga hanya nan."

Najimu bai bi hanyar ba. Ya koma ɗaki yana jan ƙafa, ya zauna bakin gado.

Bara'atu ce ta yi ta maza. Ta goya Zulaiha ta ce za ta kai ta rigakafi, ta wuce wajen likitan mijinta ta zayyana masa komai. Likitan ya ce lallai a kawo shi, ta ce ba ta da iko, sai ya rubuta mata magungunan ya ce aƙalla kada ya rasa su. Ta ƙulle su a bakin zanen goyo ta shigo da su ta gaban surukinta tana gaishe shi. Kullum da safe in ta kai wa Najimu ruwan wanka, sai ta damƙa masa ƙwayoyin a tafi ya haɗiye a banɗaki. Ciwon ƙeyar ya ɗan lafa. A karon farko tun dawowarsa ya yi dariya, da Zulaiha ta ja masa gemu.

Sun manta da abu ɗaya: mutumin da ya shekara arba'in yana kallon jinin mutane a cikin ƙaho ba a yi masa wayo da jini. Da zagayen ƙaho ya sake zuwa, Alhaji ya tsaga, ya ɗaga ƙahon, ya ga jinin na tsiyaya tsararo ya ƙi dunƙulewa. Ya dangwala da yatsa ya murza. Sai ya juya ya ce a kira masa Bara'atu.

Ba a doke ta ba, ba a zage ta ba, ba a kuma ce an sake ta ba. Gidan mutunci ne ai! Alhaji cewa ya yi yarinyar ta gaji da jinya, ta je gidansu a Shira ta huta, in maigidanta ya ƙarasa warkewa za a aika ta dawo. Ya Gana ta zazzage ɗakin ta samo ragowar ƙwayoyin, ta watsa su a masai tana cewa ashe da guba ake bin ɗanta a cikin gida. Abdulsamad ya kai Bara'atu tasha. Da za ta fita ta tsaya a ƙofar ɗaki da goyonta, ta ce, "Baban Zulaiha, ko da rarrafe ne ka je asibitin nan." Ya gyaɗa kai. Shi da ita duk sun san ba zai iya tsallake zauren ba.

Kwanakin da suka biyo baya, Allah kada ya nuna wa maƙiyi. An ninka jiƙo don a wanke ƙwayar daga jininsa. Ciwon kai ya dawo ya fi na da. Sau biyu idonsa na hagu ya rufe da duhu ya sake buɗewa, bai ma gaya wa kowa ba, don ya san amsar da zai samu. Ranar da likita ya sa masa ta komawa ta zo ta wuce yana zaune a tsakar gida yana kallon kaji. Ya daina rufe ƙofar ɗakinsa, yana tsoron abin ya same shi babu wanda ya gani.

Ranar kasuwar da ta biyo baya ya tashi harshensa da nauyi. Ya tare Abdulsamad a bakin rijiya, da ƙyar kalmomin ke fita, ya ce, "Yaya, ka ɗauke ni a babur, ba sai Baba ya sani ba." Abdulsamad ya ce haba, yau da wani babban attajiri zai kawo ƙaninsa marar lafiya tun daga Gamawa, kuma don ya ga Najimu da idonsa zai zo? Ya ce ya daure a sallami baƙi, da la'asar sai su san abin yi.

Zaure ya cika maƙil kafin azahar. Najimu na tsaye a soron ciki sanye da farar riga, yana jiran a kira shi, sai ya ji ƙafarsa ta dama ta zama ba tasa ba. Ya kai hannu zai dafa bango, hannun bai tashi ba. Abdulsamad ya leƙo don ya shigo da shi, ya ga gefen bakin ya zube, miyau na bin haɓa. Abin da ya fara yi shi ne sakin labulen da ke tsakaninsu da baƙi. Sannan ya rungumo ƙaninsa ya ja shi zuwa ɗakin da ke jikin zauren, ya kwantar, ya koma ya raɗa wa Alhaji a kunne.

Gidan ƙofa ɗaya gare shi, kuma ta zaure take. Duk wanda zai fita da Najimu sai ya ratsa da shi ta tsakiyar mutanen da aka tara don su ga ya warke. Ga babur a ƙofar gida, ga motar attajirin Gamawa, ga asibiti ba nisa. Alhaji Ladan ya ce a bari jama'a su watse. Jama'a ba su watse ba sai da rana ta yi ja. Da suka watse kuma tsohon ya shigo da zabirarsa, ya ce yanzu kam ko an kai shi asibiti me za su yi masa, ba su ne suka jawo ba? Ya kafa ƙaho.

Najimu bai mutu ba. Ɓarinsa na dama ya tafi gaba ɗaya, magana ta tafi tare da shi. Yana ji, yana ganewa, idanunsa na bin duk mai shigowa, amma in ya yunƙura sai wani gurnani ya fito. A cikin gida an gama shari'a: ƙwayoyin da Bara'atu ta ɗura masa a ɓoye su ne suka karya aikin magani, don haka babu maganar dawowarta. Alhaji ya ce shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, sauran ƙaddara ce. Ya Gana ta ce ita dai ba ta taɓa barin ɗanta da yunwa ba. Abdulsamad ya ce ai dama ya yi niyyar kai shi da la'asar. Kowa ya wanke hannunsa tas, kowa yana cin tuwonsa yana barci. Ba jahilci ne ya kwantar da Najimu ba, don an gaya musu, shi ma ya gaya musu da bakinsa tun yana da baki. Sunan gida aka ɗora a sikeli da ran mutum, sunan ya rinjaya, sannan aka kira abin da ƙaddara don kada a kira shi da sunansa.

Zauren kuwa bai fasa cika ba. Daga inda Najimu yake kwance bango ɗaya ne tsakaninsu, komai yana shiga kunnensa. Wata ranar kasuwa ya ji wani mutum ya kawo ɗansa, matashi direba, wanda hannunsa ya saki. Mutumin ya ce an ba su magani a asibiti an ce kada ya bari, amma sun ji labarin ɗan Alhaji da aka tayar a nan, suna so su gan shi. Alhaji Ladan ya yi dariya ya ce ai Najimu ya warke sarai har ya gagari zama, yana Kano sarin yadi. Ya ce su kawo ledar magungunan ya adana musu.

Najimu ya tattara duk abin da ya rage masa. Ya cije, jijiyoyin wuyansa suka tashi, yana neman kalma ɗaya tak da zai jefa ta tsallake bangon nan. Gurnanin ya fito da ƙarfi, ya sake fitowa, ya buga ƙafarsa ta hagu a jikin gado. Ya Gana ta shigo da sauri, ta tura ƙofa ta rufe, ta goge masa miyau da bakin mayafinta, tana shafa kansa.

"Yi shiru, Najimu," in ji ta. "Babanka na da baƙi."